Makarar Cikin Gwangwani

A kan teburin aikina, can ƙuryar shagona da ke Yelwa a nan Garwa, akwai wani tsohon gwangwanin madara da tsatsa ta cinye rubutunsa. Samarin makarantar koyon sana'a da ke zuwa sayen gam da kwali a wurina sukan ɗauka ƙusoshi ne a ciki. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya tsaya yana kallona ina yanka bangon wani ɗan ƙaramin gida, ya ce, "Baba Isiyaku, wai wannan ma har sai an koya? Ai rabawa da hamsin ne kawai. Wayata ma tana yi." Ya nuna mini gida a cikin wayar yana ta juyi kamar ɗan rawa. Na yaba, don abin yabo ne. Sannan na buɗe gwangwanin na zazzage masa a tafin hannu. Da ya gane abin da yake riƙe da shi sai ya ce a'uzubillahi, ya kusa watsarwa. Saboda shi da abokansa nake rubuta wannan.

Sana'armu ita ce yin maket, wato ƙaramin gida na kwali da katako da ake haɗa wa mutum a kan faifan katako kafin a haƙa masa tushe. Mai zane yana zana pilan a takarda, amma mutanenmu da yawa in ka shimfiɗa musu pilan, layuka kawai suke gani. Alhajin da zai dubi mota sau ɗaya ya faɗa maka buhu nawa ta ɗauko, in ka miƙa masa pilan sai ya tambaye ka ina ne sama ina ne ƙasa. Amma ajiye masa maket ka ɗage rufin, nan take zai sa yatsa ya ce, "Wannan ɗakin ya yi kusa da makewayi." Gyaran da za a yi da reza a kan tebur ya fi wanda za a yi da guduma bayan siminti ya bushe.

Kowane pilan yana da abin da ake kira eshel, wato ninkin da aka rage ainihin abu kafin ya shiga takarda. In an rubuta ɗaya bisa ɗari, santi ɗaya a takarda mita ɗaya ne a ƙasa. In ɗaya bisa hamsin ne, santi biyu ne mita. Ɗaya bisa ashirin, santi biyar. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, ni ma iyakar karatuna ke nan. Yaron ya yi gaskiya, rabawa ce. Sai dai akwai abubuwan da ba sa yarda a raba su, kuma su ne sana'ar.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Toma, mutumin Kaele, Kirista, wanda ya koyi aikin katako a hannun 'yan mishan tun yana saurayi. Mahaifina fatauci yake yi, kamar kakanninmu da suka zo da shi daga Katsina, ya so in bi shi, amma ya ga ba ni da bakin ciniki, sai ya kai ni wurin Baba Toma ya ce, "Ga shi nan, in hannunsa ma bai da amfani ka dawo mini da shi." Baba Toma dogo ne siriri, ba ya son magana. Da Fulatanci yake ciniki, da Faransanci yake lissafi, da Hausa yake yi mini faɗa. Kayan aikinsa ba su da yawa: reza, rular ƙarfe, ma'aunin kusurwa, fensirin da yake ferewa har ya yi tsini kamar allura, da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho. Kwalin sabulu da na takalmi muke tsinta a kasuwa. Tsakar gida da yashin kogin Binuwai muke yin ta, a tankaɗe shi a barbaɗa a kan gam. Itatuwa kuwa soso ne aka rina kore. Da bazara gam yana bushewa kafin ka kai hannu, da damina kwali yana lanƙwashewa kamar ganyen da aka dafa, kowane lokaci da irin hannun da yake so.

Dokarsa ɗaya ce, kuma na ji ta har na gaji. "Pilan ƙarya ce, maket ƙarya ce. Kada ka tsallaka daga ƙarya zuwa ƙarya. Sauka ƙasa tukuna." Abin da yake nufi, in za ka mai da awo daga wani eshel zuwa wani, kada ka auna ƙaramin ka ninka. Nemo ainihin mitocin ginin, ka rubuta su da alli a kan tebur, ka tashi ka dube su a jikin bangon shago inda ya zana mita, daga nan ka raba da sabon eshel. A lokacin ina ganin ɓata lokaci ne, nakan ce wa abokaina tsohon nan sai ya je Marwa ya dawo kafin ya shiga gidan maƙwabcinsa.

Aikin da ya fara nuna mini amfanin gwangwanin wani ƙaramin asibitin ƙauye ne, wajen Bogo. An kawo pilan da aka yi wa hoto a injin kwafi, mai injin ya rage shi don ya shiga ƙaramar takarda, amma rubutun eshel yana nan yadda yake a ƙasa. Na sa rula na auna, na ninka, na gina abina tsaf har da baranda. Baba Toma ya zo ya buɗe gwangwani ya ɗauko wani ɗan guntun itace, ya tsai da shi a bakin ƙofa. Kan itacen ya wuce saman ƙofar. Ya ce, "Isiyaku, asibitin awaki ne?"

Wannan guntun itacen shi ne mutum. Ba ido, ba hanci, ba hannu, don kada wani alhaji ya ce an sa masa gunki a gida. Tsawon namiji ne aka rage daidai. Akwai wani da ya fi shi tsawo, shi ne mace da kaya a ka, don Baba Toma ya ce ita ce mafi tsawo a cikin duk masu shiga gida, kuma ita ce mai zane yake mantawa. Akwai gado, akwai rago, daga baya aka ƙara babur. Kowane yana da iri uku, gwargwadon eshel, an ɗaura musu zare mai launi daban don kada su gauraya. Kafin ya yanka bango ɗaya sai ya fitar da mutanensa ya jera.

Shekarar da darajar kuɗinmu ta faɗi, gini ya tsaya cak a Garwa. Ko ina ka duba bulo ne a jibge ciyawa ta fito a tsakaninsu. Babu mai neman ƙaramin gida tunda babban ma ya gagara. Muka koma yin kejin tsuntsu da allon 'yan makaranta da motocin wasa na yara. Ko a nan Baba Toma bai saki ba. Sai da ya je inda motocin auduga suke tsayawa ya auna ɗaya da igiya, tun daga hanci har wutsiya, ya raba da ashirin. Na ce, "Baba, yaro ne zai ja ta da zare a cikin kwata." Ya ce yaron ma yana da ido. A lokacin na riga na yi aure har da 'ya'ya biyu, kuma akwai ranakun da tukunya ba ta hau murhu da wuri ba. A ƙarshen wannan shekarar ne Hajja Dudu ta shigo shagonmu da pilan a naɗe cikin gefen mayafinta.

Hajja Dudu mai man gyaɗa ce a unguwar Hausare, ƙawar mahaifiyata, mace mai jiki da murya. Mijinta ya rasu shekarar da ta gabata. Ɗanta na fari, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce "na Duwala", zai rushe tsohon gidan ƙasa ya gina mata na siminti a wannan filin. Filin siriri ne, gaba ɗan kaɗan, ciki da tsawo. Pilan ɗin ɗaya bisa ɗari ne, zane mai tsabta, wani mai zane a Duwala ya yi shi, kuma ya san aikinsa. A gaba an sa shago a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma zaure, wanda ba zaure ba ne sosai, lungu ne mai lanƙwasa: ka shigo daga titi, ka miƙe, ka juya dama, ka faɗa tsakar gida. Haka ake so, don mai wucewa kada ya hango matan gida.

Baba Toma ya fara nuna mata ɗakuna, ta ɗaga hannu.

"Malam Toma, bar ɗakunan nan. Ɗaki ko yaya yake zan kwanta. Abu ɗaya na zo tambaya. Makara za ta fita?"

Ya ce, "Makara, Hajja?"

"Makara. Da ni a ciki."

Na yi dariya, ta harare ni. "Kai ɗan Ladi, rufe bakinka, na ga ranar da uwarka ta fara wankan jegonka." Ta juya ga Baba Toma ta sassauta murya. Ta ce ranar da Alhaji mijinta ya rasu, an shigo da makara ba wuya, don wofi ce, an karkata ta. Da aka zo fita sai ta ƙi juyawa a tsohon zauren. Aka ja baya, aka sake gwadawa. Wannan ya ce a ɗaga gaba, wancan ya ce a sauke. Tana cikin ɗaki tare da mata, ba ta ga komai ba, amma ta ji. "Na ji ƙarar itace a jikin bango, ƙum. Na sake ji. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, aka fita da shi ana gardama a kansa kamar kabad. Daga ƙarshe sauke shi suka yi, suka fitar da shi a tabarma." Ta gyara mayafinta. "Ni ba za a yi mini haka ba. A kwance nake so in fita ta ƙofar gidana, a miƙe, ba mai cewa komai sai salati. In pilan ɗin nan bai ba ni wannan ba, na Duwala ya riƙe simintinsa."

A duk gwangwanin babu makara. Akwai akwatin gawa da ya taɓa yi wa wani aikin coci, amma ya ce ba ɗaya ba ne, ɗaukar ma ba iri ɗaya ba ce. Muka tafi masallacin unguwar Hajja, inda ake jingine makara a ƙarƙashin wata rumfa ta gefe. Baba Toma ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu, ni na je wurin ladan. Na roƙa ko za a ba mu aronta mu gwada a fili. Ladan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Makara ba ta fita yawo, Isiyaku. Auna ta nan inda take. Ko kai ne ka fara jin jikinka?" Na auna. Tsawonta har da mariƙai mita biyu da santi goma, faɗinta santi sittin.

Na ɗauka mun gama. Baba Toma ya ce makara ba ta tafiya da ƙafarta. Ya kira masu faci da mai shayi na kusa da shagonmu, ya sa muka ɗaga bencin zama a kafaɗa, ya zagaya yana auna mu da igiya, suna ta tsokanarsa wai ya fara auna mutane tun suna da rai. Da kafaɗun masu ɗauka a gefe da gefe, ko sun matse, faɗin ya kai mita guda. Ya zauna da 'yar wuƙarsa ya sassaƙa makara daga itacen rimi, ya manna mata mutanenta a jiki, ta ɗaya bisa hamsin: tsawo santi huɗu da milimita biyu, faɗi santi biyu. Ba ta kai ɗan yatsana ba.

Ni na gina maket ɗin gidan gaba ɗaya a ɗaya bisa hamsin, da kwalin sabulu, kuma da sauri na yi shi don ina so a karɓa a biya. Da na gama na sa makarar a tsakar gida na tura ta da tsinke. Ta shiga lungu, ta zo lanƙwasa, ta ɗan gogi bango, ta wuce. Na ce, "Baba, ta fita! A kira Hajja."

Ya sunkuya ya tura da kansa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Abin da ya wuce da ƙyar a ɗaya bisa hamsin, ba ka gan shi ba tukuna. Kaurin fensir a nan tafin hannu ne a can. Ɗaga mini zauren shi kaɗai zuwa ɗaya bisa ashirin."

Daga hamsin zuwa ashirin ninki biyu da rabi ne. Da ni kaɗai ne, da na sa rula a kan maket ɗina na ninka. Lungun nawa santi uku ne, da ya ba ni bakwai da rabi, da makara ta sake wucewa, da mun kira Hajja mun yi mata albishir. Amma yana tsaye a kaina, dole na sauka ƙasa. Na koma kan pilan na karanta lambobin mai zane. Faɗin lungu mita ɗaya da santi arba'in. A raba da ashirin, santi bakwai cif. Kaurin bango santi ashirin, wato santi ɗaya. Kwali ba zai yi ba, sai da muka yanka falanki. Baba Toma ya sassaƙa sabuwar makara mai santi goma da rabi da mutanenta. Na tura ta. Ta zo lanƙwasa ta tsaya. Gabanta ya tokari bango, bayanta ya tokari bango, kafaɗar na tsakiya ta maƙale a kusurwa. Na ja baya na sake. Ƙum. Ƙaramar ƙara ce, amma na gane ta.

A nan na ga abin da ya faru. Bangon santi ashirin a ɗaya bisa hamsin milimita huɗu ne. Kwalin sabulu milimita biyu ne. Na rage tsawo, na rage faɗi, amma kaurin kwali yana nan yadda kamfanin sabulu ya yi shi, bai san da wani eshel ba. Kowane bango ya bar mini rarar da babu ita, lungun ya buɗe da milimita biyu, wato santi goma a ƙasa. A cikin wannan santi goman makarar Hajja ta wuce, kuma santi goman nan ba za a taɓa gina shi ba.

Abin da na faɗa a lokacin ba na jin daɗin rubuta shi, amma yana cikin labarin. Na ce, "Baba, mu ɗan fere makarar mana. Ko mu nuna mata na farkon. Ranar da za a gwada ai ba za ta sani ba."

Bai yi tsawa ba. Ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Ita ba za ta ji ba. Amma akwai wadda za ta kasance a cikin ɗaki tana saurare. Kai kuma ɗan unguwa ne, wataƙila kafaɗarka ce a ƙasa."

Muka kira Hajja muka nuna mata yadda ta maƙale. Na ce a faɗaɗa lungun. Ta ce gefe ɗaya katangar maƙwabci ce, ɗaya gefen shago ne, na Duwala kuma ya rantse ba za a taɓa shagon ba don shi zai riƙe ta in ƙarfinta ya ƙare. Na ce to a miƙe lungun, ƙofa ta kalli ƙofa. Ta buga cinya. "Wato in zauna tsirara ga duk mai wucewa ina raye, don in fita da kyau in na mutu? Ɗan Ladi, da hankalinka kuwa?" Ta tashi ta ce ita dai ta faɗi abin da take so, mu ne masu sana'a.

Kwanaki maket ɗin yana kan tebur, Baba Toma yana aikin keji yana waiwayarsa. Wata safiya ina share shago sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "A garinmu ɗaki ba shi da kusurwa." Ya ɗauki wuƙar ya fara fere kusurwar ciki ta lanƙwasar, inda kafaɗa take maƙalewa. Makarar bai taɓa ta ba. Bango yake ferewa, kaɗan kaɗan, yana mai da kusurwar zagaye irin na ɗakunan ƙasa na wajensu. Ya fere ya gwada, ya fere ya gwada. Can makarar ta juya sumul ta fita, ba ta gogi komai ba. Ya sa rula a tsakanin kafaɗar ɗan itacen da bango: rabin santi. Ya auna inda zagayen ya fara, santi biyu kowane gefe. Ya rubuta da alli, ya ninka da ashirin. Santi arba'in za a ci daga kusurwar ta kowane gefe, ba abin da shagon zai ji sai ɗan lungun bayan ƙofarsa, kuma za a sami rarar santi goma.

Saura idon mai wucewa. Ya zare cikin biro ya bar bututun, ya ɗora shi a bakin ƙofar titi a tsawon santi takwas, daidai idon namiji a tsaye. Ya sa ƙyallen jan atamfa a tsakar gida. Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, ya matsa da bututun har jikin ƙofa. Bango kawai ake gani.

Da Hajja ta dawo, ya miƙa mata bututun ta leƙa da kanta. "Ina nake?" ta ce. Ya ce, "Ke ce jan ƙyallen, Hajja." Ta ce, "Ban gan ni ba. Madalla." Sannan ya ba ta makarar. Ta juya ta a hannu. "Wannan ce tawa? Malam Toma, kun rage ni da yawa." Ta sa ta a tsakar gida ta tura da yatsanta mai lalle, a hankali, ta bi lungu, ta juya, ta fito titi. Ta mai da ita ta sake. Da ta ƙoshi ta ce, "Useko," wato godiya da Fulatanci, ta share ido da bakin mayafi, ta ce zafin Garwa ne.

Aka aika wa mai zanen Duwala da gyaran. Mutumin kirki ne, ya sake zana wurin, ya kuma aiko a tambaya masa awon makarar da na masu ɗauka, ya ce ba a taɓa kawo masa wannan buƙatar ba kuma yana so ya riƙe. Magini ne ya yi ƙorafi, ya ce bulo ba ya lanƙwasa. Baba Toma ya yanka masa zagayen a falanki da cikakken girmansa, ya kai masa har wurin aiki, ya ce ya bi wannan, kuma mita ɗaya da arba'in ɗin bayan shafe ne, ba kafin shafe ba. A hanyar dawowa ya ce mini wannan shi ne eshel na ƙarshe, ɗaya bisa ɗaya, kuma duk sauran dominsa ake yin su. Da bango ya tashi, leburori suka ɗauki katakon gini suka gwada suna dariya, ya wuce. Na ce to shi ke nan. Ya ce mutum huɗu masu dariya ba mutum shida masu kuka ba ne.

Tun daga wannan aikin makara ta zauna a gwangwani, iri uku, kuma ba gidan Musulmi da ya fita daga hannunmu ba a tura ta a cikinsa ba, ko mai gidan ya sani ko bai sani ba. Wasu in sun gani sukan ɓata rai. Wani ya taɓa cewa fatan tsiya muke yi masa. Baba Toma ya ce masa, "Alhaji, gado ma na gwada, ban ce ka yi barci yanzu ba."

Hajja Dudu ta daɗe a gidanta. Ta aurar da jikoki a tsakar gidan nan. Duk sallah sai kwalbar man gyaɗa ta iso shagonmu, duk Kirsimeti ma haka. In ta haɗu da Baba Toma a kasuwa takan ɗaga murya kowa yana ji, "Malam Toma, har yanzu ban gwada ba fa!" Shi kuma ya ce, "Kada ki yi gaggawa, Hajja, aikin ba ya lalacewa."

Lokacin da ta rasu, da bazara ne, Baba Toma ya riga ya bar aiki. Ciwon yana ya rufe masa ido, sai haske da duhu yake bambancewa, shago da gwangwani suna hannuna. Da safe na je na gaya masa. Ya nemi hularsa ya ce in kai shi. Na goya shi a babur har Hausare, na tsai da shi a gindin darbejiyar da ke kallon ƙofar gidan, ya cire hular ya riƙe a ƙirji.

Na shiga. An gama wanka, an sa ta a makara a tsakar gida an rufe. Mata suna cikin ɗakuna, ƙofofi a buɗe kaɗan, na hango 'yarta ta tsaya a bayan labule. Mutane sun fi na gwangwani yawa, kowa yana son ya sa kafaɗa. Na kutsa na kama tsakiya ta ɓangaren da zai bi kusurwa. Muka ɗaga. Hajja ba ta ragu ba ko kaɗan. Muka shiga lungu ana salati, na Duwala yana gaba, babbar rigarsa tana jan bango. Da muka zo lanƙwasa na gaba suka juya, na ji nauyin ya karkato kaina, zagayen bangon ya taho wajen kafaɗata. Na zura hannuna na hagu a tsakani. Ya shiga a kwance, gefe ɗaya na tafin yana shafar siminti, ɗaya gefen yana taɓa kafaɗata. Muka juya. Ba wanda ya ce a ɗaga, ba wanda ya ce a sauke. Hasken titi ya buɗe a gabanmu.

Aka yi mata salla a ƙofar gida, muka kai ta. Da muka dawo daga maƙabarta rana ta take, na tarar da shi a inda na bar shi, wani ya kawo masa kujera amma bai zauna ba. Ya ji takuna ya juyo.

"Isiyaku?"

"Na'am, Baba."

"Ban ji komai ba. Ta taɓa?"

"Ba ta taɓa ba."

"Nawa ya rage?"

Na kamo hannunsa na ɗora tafina a ciki, a kwance. Ya bi faɗinsa da yatsunsa, daga wannan gefe zuwa wancan, yadda yake bin katako kafin ya yanka.

"Rabin santi," ya ce. Ya mai da hularsa.